Magana ce kawai, ko kuwa magani ne?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawonta.

Waɗanda suka san ni sun san shekara biyu ke nan da wuta ta cinye rumfata a kasuwa. Atamfa da leshi, na kaina da na bashi, ko ƙyalle ban fitar ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne halin da na shiga bayan nan. Barci ya ƙaurace mini. Maƙwabciya ta hura gawayi na ji ƙauri, sai gabana ya yanke ya faɗi, hannu ya kama rawa. Wata bakwai ban taka kasuwa ba, ko torotoro ya doshi wajen sai in ce a sauke ni. An yi mini rubutu da tofi, Alhamdulillahi zuciya ta yi sanyi, amma ƙafa ta ƙi kasuwa.

Daga baya aka tura ni wajen masu jinya da zantawa a wani asibiti. Na farko saurayi ne mai ladabi, ba zan ci naman sa ba. Ya ba ni takarda mai layi-layi da Turanci, wai duk tunanin da ya zo mini in rubuta, in ba shi maki. Ina magana yana duban kwamfuta. Sau uku na je na daina, takardar ma Ikram ta naɗe gyaɗa da ita. Ta biyu Batoniya ce da ta tashi a unguwar Asawase a nan Kumasi, tana jin Hausa rangaɗaɗau. Ranar farko ko biro ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Maman Ikram, me kika fi kewa a kasuwa?" Na ce hirar maƙwabtan rumfa da rana, in ciniki ya lafa. Sai hawaye. Daga nan muka tsara: mako na farko in je bakin kasuwa da 'yata in tsaya minti goma, na biyu in shiga layin farko, har ranar da na tsaya a daidai inda rumfar take. Yau ina kasuwa.

To ƙanena ne ya dawo daga Libiya ba yadda ya tafi ba. Ba ya magana, ba ya fita. Matar nan kuma an yi mata canjin wurin aiki. Masu ilimin cikinmu, mene ne sunan hanyar da ta bi da ni, in nema masa irinta, kada mu sake faɗawa hannun masu takarda?

Ɗan Legon:
Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya mayar da alheri, Ya ba ɗan'uwa lafiya. Amsar za ta ba ki mamaki: yadda kika kwatanta, hanya ɗaya su biyun suka bi. Ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake kira CBT, da Aaron Beck ya kafa harsashinta a Amurka cikin shekarun 1960. Takardar rubuta tunani nata ce, tunkarar abin tsoro kaɗan-kaɗan ma nata ne. Da za ki tambaye su a ofis, wataƙila littafi ɗaya suka karanta.

Kawu Magazin:
To ashe sifana ɗaya ce, makaniki ne ya bambanta. Mu a Suwame, unguwar makanikai, wannan ba labari ba ne.

Maman Ikram:
Ikon Allah! Ni da na rantse ba zan sake yarda da mai takarda ba.

Ɗan Legon:
Kawu ya taƙaice gardamar da masana suka kusa shekara casa'in suna yi. Tun 1936 wani mai suna Saul Rosenzweig ya lura cewa hanyoyin da masu su ke zagin juna duk suna samun waɗanda suka warke a hannunsu, ya ce lalle akwai abin da suka yi tarayya a kai wanda shi ne ke aiki. Ya aro maganar wani tsuntsu mai suna dodo daga tatsuniyar yaran Ingila, wanda bayan an yi tsere ya yanke hukunci cewa kowa ya ci, kowa a ba shi kyauta. Har yau "hukuncin dodo" ake ce wa wannan ra'ayi.

A 1952 Hans Eysenck ya tayar da ƙura a Ingila, ya ce duk aikin banza ne, masu ciwon za su warke ko an zanta da su ko ba a zanta ba. Sai a 1977 Smith da Glass suka tattara bincike 375 suka auna su wuri ɗaya. Suka ga matsakaicin wanda aka yi wa jinya ya fi kusan mutum 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi, kuma tazarar da ke tsakanin manyan hanyoyin ba ta taka kara ta karya ba.

Kawu Magazin:
Dodo ne zai yi alƙalanci a maganin tsoro? Mu dodonmu shi ke kawo ciwon.

Anti Nas:
Ƙanena Ɗan Legon, tsaya kada ka sa mutane su ɗauka kowace hira magani ce. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinyar lafiyar ƙwaƙwalwa, a makarantar koyon jinya ta Ankaful na yi karatu. Ku sake karanta labarin Maman Ikram. Matar nan ba da daɗin baki ta mayar da ita kasuwa ba. Ta sa ta je bakin kasuwa ta tsaya da ƙafafunta, gaba na dukan uku-uku, har jiki ya gane da kansa cewa wuta ba ta nan. Da wata takwas suka yi suna kuka tare a ofis, da yau tana gida. Sannu ba ta cire ƙaya.

Akwai ciwukan da sai da takamaiman aiki. Mai waswasi da ke sake alwala sau goma sha biyar har jam'i ya wuce shi, in ka zauna kana lallashin sa kana tabbatar masa alwalarsa ta yi, ƙara wa ciwon taki kake yi. Maganinsa ya yi sau ɗaya, ya tashi, ya jure ƙaiƙayin zuciyar har ya lafa, a maimaita a maimaita. Haka mai tsoron shiga mota bayan haɗari. Kuma akwai zantawar da take cutarwa: an taɓa yayin tara waɗanda bala'i ya faɗa wa a sa su amayar da komai a zama ɗaya tun abin yana ɗanye, daga baya bincike ya nuna ba ya hana ciwon, wasu ma ƙara musu yake yi. To ina "kowa ya ci" a nan?

Ɗan Legon:
Anti, ban ƙi ta taki ba, musamman kan waswasi. Su ma masu ra'ayin tarayyar, irin su Bruce Wampold, ba su ce a zauna a yi ta hira ba, sun ce hanyoyin da aka gina da niyyar warkarwa, masu bayani da aiki a ciki, su ne ke kusan kunnen doki. Amma ki amsa mini wannan: saurayin farko ai yana da takamaiman aikin a aljihunsa. Me ya sa bai kai Maman Ikram bakin kasuwa ba? Saboda ta gudu tun a zama na uku. Binciken da aka tattara ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin jinya ba a gama ba. Maganin da ya fi kowane kyau, in mara lafiya bai dawo ba, a kwalba ya ƙare.

Edward Bordin a 1979 ya kasa abin da ke riƙe mutum gida uku: ku yarda da inda za a je, ku yarda da aikin da za a yi don a kai can, sannan a sami shaƙuwa da amana. Ku duba tambayar matar nan, "me kika fi kewa?" Ba gaisuwa ba ce. Da ita ta gano cewa abin da Maman Ikram ke so ba "rage alamomin ciwo" ba ne, zaman layi ne da maƙwabta. Da aka sami wannan, tsayuwar minti goma ta zama hanyar komawa ga abin da take so, ba azabar da likita ya ɗora mata ba.

Hajiya Mai Koko:
Ku yara kuna ta sunayen Turawa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan tun kakanni.

Malam na Sabon Zango:
Assalamu alaikum. Hajiya ta yi gaskiya, kuma zan ƙara da cewa ba daga Turai aka fara wannan ilimi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, sashe ɗaya kan lafiyar jiki, ɗaya kan ta rai. Ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun tushensa a jiki yake kuma yana son magani. Ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Ya kuma lura cewa mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani wanda ya yarda da shi fiye da daga kansa.

Ni kaina mutane na zuwa wurina da irin wannan. Da yawa ba tofin ne ya kawo su ba, so suke a rufe ƙofa a saurare su. Sai dai abin da ke ba ni takaici, wasu masu boko in mutum ya ce musu jarrabawa ce daga Allah, ko yana zargin sammu, sai su yi murmushin raini. Daga nan an gama, ba zai sake buɗe baki ba.

Ɗan Legon:
Allah Ya gafarta Malam, wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Johns Hopkins, Jerome Frank, ya faɗi irin wannan magana a 1961. Ya jera likitan zantawa da masu maganin gargajiya da malaman addini, ya ce abu huɗu ne ke haɗa su: mutumin da aka amince wa, wurin da aka san na neman waraka ne, bayanin ciwon da mara lafiya zai iya yarda da shi, da wani aiki da za a yi tare bisa wannan bayani. A ganinsa abin da ke kai mutane ba alamomin ciwo kaɗai ba ne, karayar zuciya ce, jin cewa ka gaza kuma ba mai fahimtar ka. Zauren Malam yana da duk huɗun.

Anti Nas:
Yana da su, shi ya sa yake da ƙarfi, kuma shi ya sa in aka kauce ɓarnar ke da yawa. Ba da Malam nake ba. Amma na ga yaro da tabon sarƙa a idon sawu, an ɗaure shi watanni a wurin addu'a, alhali allura da ƙwaya yake buƙata. A can ma akwai amana, akwai wuri, akwai bayani, akwai aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba mara lafiya haƙƙi, hukuma ta hana ɗaurin sarƙa, amma ba a daina ba.

Abin da nake so mu sani shi ne an gwada haɗa hannu, kuma a nan Kumasi aka yi, tare da Ibadan. Farfesa Oye Gureje ne ya jagoranta, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wuraren masu gargajiya da masu addu'a suna duba masu taɓin hankali suna ba da magani, mai wurin na ci gaba da nasa. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙi. Ba a ce wa kowa ya bar imaninsa a bakin ƙofa ba.

Malam na Sabon Zango:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wanda ya fara jin muryoyi ko ya daina gane iyalinsa, ni da kaina nake cewa a kai shi asibitin Komfo Anokye, addu'a ta bi shi can.

Kawu Magazin:
Ni fa akwai inda lissafin bai shige ni ba. Kun ce wanda ya yarda da likitansa shi ke warkewa. To in kuma wanda ya fara warkewa ne ke yarda da likitan? Mai mota ba ya yabon makaniki sai injin ya tashi. Wa ya riga wani?

Ɗan Legon:
Kawu, wallahi da kana ajinmu da ka ci maki. Wannan ita ce babbar sukar da ake yi, kuma ba a gama kashe ta ba, don ba za a iya raba mutane kashi biyu a ce waɗannan a ba su likita mai kirki waɗancan a ba su mai ɗaure fuska ba. Abin da ake da shi: an riƙa auna mutane zama bayan zama, aka ga abin yana tafiya ta gefe biyu, amana na jawo sauƙi, sauƙi na ƙara amana. Kuma in faɗi gaskiya, girman abin ba kamar yadda ake kururuta shi ba ne. Tarin binciken 2018, kusan guda 300 da mutum sama da 30,000, ya nuna wannan alaƙa tana bayyana kimanin kashi 8 cikin 100 na bambancin sakamako. Kaɗan ne, sai dai yana fitowa a kowace hanya, kuma bambancin sunan hanya galibi bai kai haka ba. Babban kaso yana wurin mara lafiyan kansa da halin da yake ciki: nauyin ciwon, bashi, aure, aikin yi, wa ke tsaye a bayansa.

Maman Ikram:
Wannan gaskiya ne. A watan da na fara shiga layin farko ne yayata ta Nima ta biya mini rabin bashin. Ban san wanne ya fi sauke mini nauyi ba.

Hajiya Mai Koko:
Bari in faɗi abin da duk kuka tsallake. Shekara talatin ina bakin titi da tukunya tun kiran assalatu, babu irin labarin da ba a zuba mini ba a kan kofin koko da ƙosai. Abin da ke kashe mu a zango ba rashin mai saurare ba ne, rashin mai riƙewa ne. Ka faɗa wa mutum da safe, kafin la'asar an kai Aboabo, kafin isha an ce gidan su wane akwai hauka, a fasa auren ƙanwarka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. 'Yar nan, ki faɗi gaskiya, da matar nan 'yar layinku ce, kuna haɗuwa a suna da biki, da kin sake mata baki?

Maman Ikram:
Hajiya, wallahi a'a. Abin da ya sa na sake jiki ke nan, tana jin harshena amma ba ta san dangin mijina ba. Kuma tun ranar farko ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana, sai fa in rai na cikin haɗari.

Boga na Hambog:
Gaisuwa daga cikin sanyi. A nan Jamus inshora na biyan wannan jinya, kuma kafin a fara akwai zama biyu zuwa huɗu na gwaji, ku ga ko jininku ya haɗu, in bai haɗu ba ka nemi wani ba tare da an ga laifinka ba. Na taɓa raka wani ɗan gida, aka kawo tafinta, sai ga shi ɗan ƙasarmu ne da muke sallar Juma'a tare. Mutumin nan ya shafe awa guda yana ba da labarin ciwon baya. Maganar Hajiya ke nan.

Kawu Magazin:
To tunda haka ne a ba Hajiya farar riga da benci, an huta da kuɗin ganin likita.

Anti Nas:
Kawu kana wasa, amma an yi haka a Zimbabuwe. Wani likita, Dixon Chibanda, ya fara a Harare a 2006: benci a harabar ƙaramin asibiti, a kai tsohuwa. Ciwon ma da sunan gida suke kiran sa, kufungisisa, wato yawan tunani, kamar yadda muke faɗa. Da aka gwada aka buga a 2016, waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ga inda nake so ku lura: ba haka kawai aka ɗora su ba. An koya musu tsari na zama shida, yadda za a jera matsaloli, a zaɓi ɗaya, mai matsalar ya fito da mafita da bakinsa, a dawo a duba. An hana su wa'azi da yanke hukunci. Akwai mai duba aikinsu, kuma sun san wanda ya fi ƙarfinsu su miƙa shi sama. Fuskar kaka ce, amma akwai aiki a ƙarƙashi.

Hajiya Mai Koko:
Hana wa'azin nan ne zai ba ni wuya.

Anti Nas:
Maman Ikram, mu koma kan ɗan'uwa, don nasa ba lalle ya zama irin naki ba. Wata nawa da dawowarsa? Yana ci, yana barci? Yana magana shi kaɗai ko yana cewa ana bin sa? Akwai alamar taramol ko wiwi? Ya taɓa cewa gara mutuwa? Wannan ta ƙarshen ki tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta saka wa mutum tunanin. In amsar e ce, yau za a kai shi, ba gobe ba, kuma kada tsoron 'yan sanda ya hana ku, tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka.

Maman Ikram:
Wata biyar. Yana ci kaɗan, barci sai bayan asuba. Ba ya surutai, kuma ban ga alamar shaye-shaye ba. Maganar mutuwa ban taɓa tambaya ba, tsoro nake ji, amma zan daure yau da dare. Abin da na lura, in an rufe ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, kuma ba ya yarda ya kwana a ɗaki a kulle. Kunya ma na cin sa, an sayar da fili aka yi masa kuɗin tafiya, ya dawo da leda ɗaya.

Ɗan Legon:
Anti, in an duba shi an ce zantawa ce, ki tambaya ko mai jinyar yana da rajista da hukumar masana halayyar ɗan Adam ta Ghana, kuma ko ya saba aiki da waɗanda suka ga tashin hankali. Bayan zama biyu ko uku ki tambayi ɗan'uwan, ba "ka warke?" ba, a'a: yana jin ka? Ya faɗa maka abin da za ku yi da dalilinsa? In wani abu ya ɓata masa rai ya faɗa wa mai jinyar kafin ya gudu, sau da yawa gyaran wannan saɓanin ne ke buɗe sauran.

Malam na Sabon Zango:
Kuma kada a ce masa "za mu kai ka". Namiji ne da ya riga ya ji ya kunyata gida. A bar maganar filin nan gaba ɗaya a gabansa.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Akwai abokinsa ɗaya mai tuƙa faragiya, tare suka tsallaka sahara, shi kaɗai yake bari ya shigo ɗakin, su dafa ataya su zauna shiru. Shi zan fara samu gobe kafin ya fita aiki. Anti Nas, na turo miki saƙo ta gefe, ki faɗa mini ranar da layi bai cika tsawo ba.